Ni ce ta tara a jerin masu jira: in zauna ko in nemi makarantar kuɗi?

Ɗiyar Bagalam:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa zauren nan ina karantawa, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai tura ta kai bango.

Shekarata ashirin da ɗaya, a unguwar Bagalam ta Maradi muke, bak D gare ni, wato takardar gama sakandare ta ɓangaren kimiyya, tun bara waccan. Aikin jinya nake so, kuma ba don na rasa abin karantawa ba ne. Ina aji uku a kwalej ƙanena ya kwanta da zazzaɓin damina har yana sanƙarewa. Inna tana da tsohon ciki, ni aka bari a gefen gadonsa kwana goma sha ɗaya. Wani dare ruwan da ake ƙara mashi ya tsaya, aka nemi jijiya a hannu aka rasa, a ƙafa aka rasa. Sai wata ƴar siririyar ma'aikaciya ta zo riƙe da fitilar wayarta a baki, ta aske mashi gefen kai da reza, ta same ta a nan. Ko sunanta ban sani ba. Tun daga daren nan ban sake sha'awar wani aiki ba.

Bara na yi konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga makarantar lafiya ta gwamnati, ban fito ba ko kusa. Bana na sake. Sakamako ya fito sati uku da suka wuce, sunana yana ciki, amma a ƙasan layi, cikin jerin masu jira. Ni ce ta tara. Na kira lambar da ke jikin takardar, aka ce in gurbi ya samu za a neme ni. Na ce yaushe? Aka ce in dai bar wayata a buɗe.

Da ni kaɗai ce da sai in jira. Amma Baba ya ba ni zuwa ƙarshen kaka. Akwai wani mai shagon atamfa a babbar kasuwa da ya turo magabatansa har sau biyu. Ba ni da abin zarginsa, mutumin kirki ne, ya ma ce zai bar ni in yi karatu daga ɗakina. Sai dai yayyena biyu haka aka ce masu, yau littattafansu suna ƙarƙashin gado gara ta gama da su.

Inna kuma ta ce in daina ramewa a banza. Za ta sayar da jajayen awakinta huɗu, ta roƙi a ba ta ɗaukan adashe na wannan wata, ta biya mani kashin farko a makarantar kuɗi. Awakin nan da kaskon ƙuli-ƙuli su ne duk abin da ta mallaka a duniya. Na zagaya makarantu uku a cikin gari. Kowace da babban allo da hoton yarinya sanye da farar riga tana murmushi. Ɗaya daga ciki gidan haya ne mai ɗaki huɗu. Da na ce a nuna mani ɗakin gwaji sai aka ce mai riƙe da makullin ya fita sallah. Ƙarfe goma na safe ne.

Sai kuma shekaranjiya wani abokin mijin gwaggota ya zo har gida ya ce ya san hanya. Jika ɗari da hamsin na sefa, rabi yanzu rabi in an kira ni, sunana zai tashi daga tara ya koma ɗaya. Inna har ta fara lissafi.

Don Allah waɗanda suka bi ta nan: jerin jiran nan yana motsi kuwa, ko rarrashi ne kawai? In zauna, ko in bar Inna ta sayar da awakin?

Tsohon Majo na Tibiri:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kahin komai, barka. Wanda ke cikin jerin jira bai faɗi ba, ci ya yi, kujera ce ta kasa. Ki gaya ma Baban naki haka da waɗannan kalmomi, don a gidajenmu in ba a ga mutum ya ɗauki akwati ya tahi ba sai a ce ya faɗi.

Bari in fara da mai jika ɗari da hamsin, don shi ya hi gaggawa. Kada ki ba shi ko dala. Ba wa'azi zan yi maki ba, lissahi zan yi maki. Jerin nan yana motsi da kanshi. Cikin waɗanda sunka hito a sama akwai wanda ya sami gurbin karatun lokotoro a jami'a, ko nan Ɗan Dikko Ɗankulodo ko Yamai, ya hi son can. Akwai wadda ta sami tallahin karatu zuwa Aljeriya ko Maroko. Akwai wadda anka ɗaura ma aure tsakanin konkur da buɗe makaranta, akwai wanda ya ci konkur biyu dole ya bar ɗaya, akwai wanda ko kuɗin mota da na ɗakin haya ya gagare shi. Kowane ɗaya cikinsu in bai zo ya yi rajista ba, mai bi mashi ke hawa. To mutumin nan ya san da haka. In anka kira ki, ya ce aikina ne, kawo cikon. In ba a kira ki ba, ya ce wani ya hi ki kuɗi, rabin da kinka bayar kuwa ya riga ya shiga hannu uku. Ruwan sama yake sayar maki a tsakiyar watan Agusta.

Ba zan ce maki lallai za a kai ta tara ba, wannan na Allah ne, kuma shekara ba ta kama da shekara. Abin da na sani shi ne lokacin da ake gane guraben da sunka rage: sati biyu zuwa uku bayan an buɗe makaranta, sa'ad da anka ƙirga waɗanda ba su zo ba. Kuma in kira ya zo ba ya jira. Ana iya ce maki nan da kwana uku ki zo da dosiyenki cikakke. Na ga yara sun rasa kujera ba don komai ba sai don takarda guda.

Saboda haka ki tashi tun gobe. Takardar shaidar rashin laihi, wadda ake ce ma kaziye, wata uku kaɗai take aiki. Wadda kinka sa a dosiyen konkur ta yiwu ta mutu. Kuma a gidan shari'ar inda anka haihe ki ake yin ta, ba inda kike zaune ba. In a ƙauye anka haihe ki, kin ga tahiya ta kama ki. Sai takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta bak, kowace ki yi mata hoto uku-uku ki kai a buga mata hatimi a meri, ohis ɗin magajin gari. Sai takardar gwajin lahiya. Sa'an nan ki shimfiɗa su duka a tabarma ki duba sunanki da na mahaihinki harafi-harafi. Wanda ya rubuta takardar haihuwa ya sa Issoufou, na lakwal ya sa Issoufa, wani ya sa Youssouf: mutum guda ya zama uku. Gyaran wanga yana cin makonni, gara a fara shi yanzu da ba a kira ba.

Kada ki tsaya ga waya. Ki tahi da ƙafarki sau ɗaya, ki gaida masu ohis ɗin rajista cikin ladabi, ki tabbata lambar da ke rubuce gaban sunanki daidai take, ki ƙara masu ta biyu, ta wani wanda wayarshi ba ta mutuwa. Wannan ba neman alfarma ba ne, hakkinki ne.

Ni a Damagaram na yi karatu, lokacin ana ce ma makarantar ENICAS, kahin ta koma ENSP, makarantar lahiya ta gwamnati. Bisa buhunnan gyaɗa na tahi, kilomita ɗari biyu da ƴan kai munka wuni muna yi. Na yi aiki wajen Dakoro da Mayahi da Madarumfa, na ga yunwar 2005 da idona, lokacin da muke shimfiɗa yara uku a tabarma guda muna auna damtsensu da ɗan zaren nan mai ja da rawaya da kore. Abin da shekarun nan sunka koya mani game da ɗalibai shi ne: wanda ya iya lissahi da faransanci ba ya wahala, wanda bai iya ba ko ya shiga sai ya hito ta taga. To ga aikin gida. Lokotoro ya rubuta ƙarin ruwa mililita 500, ya ce ya ƙare cikin awa huɗu. Igiyar da muke aiki da ita ɗigo 20 ke yin mililita guda. Ɗigo nawa za ki sa a minti ɗaya? Ki ba ni amsa nan zauren.

Wani abu kuma da ba mai gaya ma ɗalibai sai allura ta soke su a istaj, wato koyon aiki a asibiti: rigakahin ciwon hanta, hepatit B. Allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ki fara da gwaji, in ba ki da shi ki soma yanzu. Kin ga jiran ma ya yi amfani.

Awakin Inna a bar su su ci harawa. In Nuwamba ta ƙare ba a kira ki ba, ki nemi aikin sa kai a CSI, wato ƙaramin asibiti na unguwarku, ki shiga cikin masu rabon maganin rigakahin zazzaɓi na yara da damina, ki sake konkur baɗi. Wadda ta tashi daga ba komai zuwa ta tara, karo na uku nata ne in sha Allah.

Tanti Ungozoma, Tasawa:

Baba Majo, Allah ya ƙara girma. Maganar ɗan damfara da ta takardu ban da abin ƙarawa. Amma a kan "ki sake baɗi" ka yi mani haƙuri, ba mu tare. Kai namiji ne, shekararka ta jira ba ta ci ka da komai ba sai haƙuri. Yarinya mai shekara ashirin da ɗaya a Maradi, magabata sun zo sau biyu, uba ya sa wa'adi, wace baɗi gare ta? In kaka ta wuce tana zaune a gida, lefe ne zai riga konkur zuwa.

Ƙanwata, ni makarantar kuɗi na yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da mutane da yawa ba su gane ba: a ƙarshen shekara ta uku jarrabawa ɗaya ce ta ƙasa ake yi wa kowa, ɗan makarantar gwamnati da ɗan ta kuɗi, takarda iri ɗaya. Mace mai naƙuda ba ta taɓa tambayata inda na yi karatu ba. Don haka tambayar ba gwamnati ko kuɗi ba ce, tambayar ita ce: makarantar nan za ta kai ki gaban jarrabawar nan, kuma za ki isa can kin iya aiki?

Waccan mai makulli a masallaci ki shafe ta. Sauran biyun ki koma, amma kada ki tafi ke kaɗai, ki tafi da babba, namiji ko mace, wanda ba ya jin nauyin tambaya. Ku ce a nuna maku takardar izinin gwamnati, ta buɗewa, kuma wadda ta ambaci sashen da kike so da sunansa. Akwai makarantar da ke da izinin horar da ASB, wato ƙananan ma'aikatan lafiya masu shiga da birbe, takardar gama kwalej, amma tana karɓar kuɗin masu bak da sunan lisans. Ke mai bak D lisans za ki yi, shekara uku, ko jinya ko ungozoma; kada wani ya ce ki fara da ASB "kafin izini ya fito". Ku tambayi ɗalibai nawa suka kai jarrabawar ƙasa bara, nawa suka ci, a nuna maku a rubuce ba da baki ba. In suka fara kame-kame kin sami amsa.

Sannan maganar istaj, wadda ita ce komai. Aikin nan ba a allo ake koyonsa ba. Ki tambaya ina suke tura ɗalibansu: babban asibitin jiha, cibiyar uwa da yaro, CSI na cikin gari, na ƙauye? Akwai yarjejeniya a rubuce? Malaminsu yana bin su can ko sakin su ake yi kamar awakin da ba makiyayi? Hanya mafi sauƙi ma, ki je bakin asibiti wajen ƙarfe ɗaya, ki tare ɗalibai masu farar riga da tambarin makarantar a aljihu, ki saya masu ruwan leda, ki ce allura nawa kuka yi da hannunku wannan wata? Ni na karɓi ƴan shekara ta uku da ba su taɓa sa igiyar fitsari ba, ba laifinsu ba ne, su ashirin aka tura ɗaki guda suna leƙe ta bayan juna.

Yanzu lissafi, kuma a nan ne zan ɓata wa Inna rai. Awaki huɗu da adashe kashin farko ne. Wa zai biya na biyu a Janairu? Na uku fa? Shekara ta biyu da ta uku? Ga farar riga aƙalla biyu, takalmi, abin awon jini, abin awon zafi, agogo mai sakan, kuɗin kabu-kabu zuwa istaj safe da yamma, kuɗin abinci daren gardi, wato kwanan aiki a asibiti, kuɗin rajistar jarrabawa, kuɗin buga kundin kammalawa. Ajinmu waɗanda suka fi ba ni tausayi ba waɗanda suka faɗi ba ne, waɗanda aka kora daga ɗakin jarrabawa a shekara ta biyu ne saboda cikon kuɗi: ba awaki, ba takarda. Ku zauna da alƙalami ku rubuta shekara ukun duka, da sunan wanda zai ɗauki kowane kashi. Kawu, yaya da ke Agadas ko Libiya, kowa a ji ta bakinsa tun yanzu. In lissafin bai rufe ba, kada a taɓa akuya ko ɗaya.

Ki kuma tambaya a makarantar da kika yi konkur ɗin ko suna ɗaukar masu biya da kansu, don makarantun gwamnati ma suna da wannan ƙofa. Wadda ke ta tara a jerinsu ba baƙuwa ba ce a wurinsu.

Shi kuma mai shagon atamfa, ba na ce ki kore shi ba. In da gaske yake, ga gwaji mai sauƙi: a faɗi maganar karatun gaban waliyyai da shaidu, ba a zaure tsakaninku biyu ba, kuma a gaya mashi dalla-dalla mene ne gardi. Wato matarsa za ta kwana a asibiti, tare da ma'aikata maza, ta dawo da safe tana warin magani ta kwanta ba ta ɗora tukunya ba. Yawancinsu "karatu" suke yarda da shi, ba su san da kwanan waje ba. Nawa mijin sai da muka kai gaban kawuna sau biyu kafin ya saba.

Kuma kada a ruɗe ki da cewa takarda na fita aiki na jira. Ni na yi bautar ƙasa shekara biyu, na yi sa kai, na yi kwantaragi, kafin in sami lambar ma'aikaciyar gwamnati. Masu sa'a suna samun ƙungiyoyin agaji wajen Madarumfa da Ɗan Isa lokacin da zazzaɓi da tamowa suka yi yawa. Aiki dai akwai shi fiye da hannuwa, musamman tun da aka sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006. Albashin ne ke zuwa da rarrafe.

Ɗan Kasuwar Jibiya:

Ni ban ga abin wahala ba. Katsina tana nan kusa, ta fi Damagaram kusa ma. Ku canza sefa zuwa naira kuɗin ya yi auki, ta yi makarantar nas a can, ta dawo da turanci a bakinta. Ɗiyar maƙwabcinmu haka ta yi.

Nas daga Ƙofar Ƙaura:

Malam, kusa a mota ba kusa a takarda ba ne. Ni a Katsina na yi karatu, iyayena ƴan Maradi ne, amma tun firamare a can nake. Makarantun jinya na Najeriya sakamakon jarrabawar gama sakandare ta can, WAEC ko NECO, suke nema, da kiredit biyar: turanci, lissafi, bayoloji, kimistiri da fizis, yanzu kuma ga jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu. Mai bak sai ta bi hanyar daidaita takardu, kuma duk karatun da turanci ne, tun daga sunan ƙashi har rubutun rahoto. Can ma fa cunkoson ne, masu nema sun ninka kujeru. In ta gama, lasisin hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya za ta samu, in ta dawo gida sai ta sake bin layin a amince da takardar kafin ta shiga aikin gwamnati. Kada a manta da 2023 da aka rufe iyaka watanni, ɗalibai suka riƙa bin hanyoyin daji a kan babur, ga halin da hanyar Jibiya take ciki. Ɗiyar maƙwabcin naku ku tambaya, ina kyautata zaton a can ta yi sakandare. Ƙanwata, in kina da sha'awa ki koyi turanci don kanki, zai yi maki amfani wajen ƙungiyoyi, amma kada ki bar ta tara a hannu ki tafi neman ta ɗari.

Ɗiyar Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Majo, 500 sau 20 dubu goma ke nan, awa huɗu minti 240, in an raba ya ba da 41 da ƴan kai, sai in sa 42. In na yi kuskure a gyara mani.

Na shimfiɗa takardun kamar yadda ka ce. Kaziyen ta mutu tun watan jiya, kuma a wani ƙauye na Mayahi aka haife ni. Sunan Baba kuwa a takardar haihuwa da harafi biyu a tsakiya, a ta bak da ɗaya. Shekara nawa ina riƙe da su ban taɓa lura ba.

Tanti, mun yi lissafin da Inna daren jiya a bayan kwalin sabulu. Shekarar farko ta rufe da ƙyar. Ta biyu ba ta ko kama hanya ba. Inna ta yi shiru, can ta ce to a bar awakin tukuna.

Tsohon Majo na Tibiri:

Arba'in da biyu, daidai. Ga gajerar hanya ta daren gardi sa'ad da ba alƙalami: ki ninka awowin sau uku, ki raba mililitan da abin da ya hito. Huɗu sau uku sha biyu, 500 a raba sha biyu. Amma da igiyar manya kaɗai. Ta jarirai ɗigonta ƙanana ne, 60 ke yin mililita, wannan sai kin shiga aji.

Hajiya ta Tasawa, na karɓi gyara. Na yi magana kamar wanda ba a taɓa kawo ma goro don ɗiyarshi ba, alhali huɗu na aurar. Amma ki lura, lissahin naki ma ga inda ya kai mu: awaki na nan a turke. Ɗiyata, in Babanki mai sauraren tsofaffi ne, ki nemi wani dattijo cikin ma'aikatan lahiya na unguwarku, wanda yake ganin girmanshi, ya je ya zauna da shi bayan la'asar. Uba ba ya son ɗiya ta yi mashi bayani, amma yana jin na sa'anshi.

Ɗiyar Bagalam:

Assalamu alaikum, na dawo da labari, kwana ashirin da huɗu bayan rubutuna na farko.

Na je Mayahi ranar Litinin, na kwana gidan kakata, na dawo da sabuwar kaziye. Gyaran sunan Baba yana hannu, an ba ni ƴar takarda mai hatimi da ke nuna an shigar da buƙatar. Daga nan na hau bas ɗin asuba ni da yayana muka je makarantar. Ashe lambar da ke gaban sunana tsohon layina ne da ya ɓace tun azumi. Ni na rubuta shi da hannuna a dosiye, na manta. Matar ofis ɗin ta gyara, ta ƙara na yayana, ta juyo mani da takardar in gani: an ja layi a kan sunaye shida na sama da ni, an kira su, biyar sun zo. Yanzu mutum biyu ne a gabana. Ta ce akwai waɗanda aka ba wa'adi zuwa ƙarshen wata su kawo cikon takardunsu, in ba su kawo ba za a sake waiwayar jerin. Na tambayi maganar masu biya da kansu, ta rubuta mani abin da ake nema a ƴar takarda, tana nan cikin jakata.

Gwajin hanta ya fito lafiya, an yi mani allurar farko, hannun ya yi kwana biyu yana tsami. Majon CSI ɗinmu, wato shugaban ma'aikatan wurin, ya yarda ina zuwa da safe ina taya su rubuta sunaye da auna nauyin yara ranar awo. Ba a bari in taɓa allura, amma na iya karanta zaren damtse. Shi ne kuma ya zo wurin Baba, suka sha shayi har magariba. Ban ji abin da suka ce ba. Washegari Baba ya ce wa Inna a gaya wa mutanen kasuwa su dakata sai bayan sabuwar shekara. Mai shagon na gaya mashi maganar gardi kamar yadda Tanti ta ce. Ya yi dariya, ya ce zai yi shawara. Kwana tara ke nan yana shawarar.

Abokin mijin gwaggota kuwa jiya ya kira Inna. Ya ji labarin na koma ta uku, ya ce ai shi ne ya fara taɓa mutanensa tun kafin a ba shi komai, saboda zumunci, yanzu jika saba'in kawai za a kawo ya ƙarasa. Inna ta ce mashi awakin ba su sayu ba, ɗaya ma ta haihu tagwaye ranar Juma'a, in yana so ya zo barka.

Tambayata yanzu: cikin ƴan shekara ta biyu ko ta uku akwai wadda za ta ara mani tsofaffin darussanta na anatomi, ko hoto ne ta waya? Kuma Tanti, farar rigar nan gara a ɗinka wurin tela ko a sayi ɗinkakkiya? Akwai yadi fari da Inna ta ajiye tun na lefen yayata, ban sani ba ko zai yi.